Kayan da Ke Zaman Haya Kyauta a Ɗakinka a Legas

[Hoto: ɗaki ɗaya a Agege, jakunkuna a jibge a saman sif]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau cikin ɗaki za mu shiga. Ku leƙa ƙarƙashin gado, ku ɗaga kai ku dubi saman sif, ku zagaya bayan ƙofa. A ɗakunan mutanenmu da yawa da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Obalende, abin da za a tarar kusan iri ɗaya ne. Ga fankar da ta daina juyawa, ga dutsen guga mai ƙonanniyar waya, ga matattun wayoyi a cikin gwangwanin madara, sannan ga wata jakar Gana-mas-go da aka ɗaure da igiya, wadda in ka tambaya za a ce maka, "Ai wannan kayan tafiya gida ne."

Da karin maganar nan muka tashi, wai ajiya maganin wata rana. A Kano ko Katsina maganar tana da gindin zama. Gida da fili, ga zaure, ga ɗakin shirgi, kuma rabin shekara iska a bushe take ƙayau. Ka ninke shadda ka sa a akwati, bayan shekara uku ka buɗe, ƙura kawai za ka kakkaɓe. Legas ba ta san wannan ba. Ruwan da take samu a shekara ya kai kusan ninki biyu na wanda Kano ke samu, kuma a tsakiyar damina, wajen Yuni da Yuli, laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100. Fumfuna ba ta buƙatar fiye da haka. In kuma kana kusa da teku, irin su Apapa ko Ajah, iskar da ke shigo maka ta taga tana ɗauke da gishiri, gishiri kuwa shi ke hanzarta tsatsa.

Ga kuma kuɗin haya. A nan shekara guda ake biya a dunƙule, ban da na ejan da na yarjejeniya. Ka raba kuɗin nan da faɗin ɗakinka, za ka ga kowane taku yana da farashi. Jakar da ta kwana damina biyu a kusurwa ba a taɓa ta ba, ɗan haya ne da kake biya wa ɗaki, shi ko sisi bai taɓa ba ka ba.

[Hoto: hannu na buɗe akwati, ana ɗaga shadda mai ɗigo-ɗigon baƙi a kan ninki]

Mu fara da tufafi, don nan ne asarar ta fi ciwo. Uwargida, atamfofin lefenki da leshin da kike tattali, maigida, shaddar da ka ba da ɗinkinta da tsada, abin da ke kashe su a nan shi ne a ninke su da sauran danshi, ko a ajiye su da sitaci a jiki. Sitaci abinci ne ga fumfuna da ƙwari. Kayan da za a daɗe ba a sa ba, a wanke, a bar su su bushe sarai, a ajiye ba sitaci. Sai ranar da za a sa a kai wa mai wanki ya buga. Kada a ƙulle su a leda da sunan kariya, domin in akwai ɗan danshi ko kaɗan ne, ledar tsare shi za ta yi a ciki. A jefa kafur a akwatin, amma a sa inda hannun yaro ba zai kai ba, don guba ne in aka haɗiye. Akwatin kansa a ɗora shi kan katako ko bulo, a ja shi baya kaɗan daga bango, musamman bangon da ke jingine da banɗaki. Duk ranar da rana ta fito da ƙarfi, a fito da kayan su sha iska. Takalmin fata da jakar fata da buzun salla su ne farkon kamuwa, su a riƙa duba su akai-akai.

Takardu kuwa sama ake kai su. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2011 a garin nan, ko ya taɓa farkawa ya tarar da silifas ɗinsa na yawo a kan ruwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Rasit ɗin haya, takardar haihuwar yara, sakamakon makaranta, takardar NIN, a haɗa su a jakar roba mai zif a ɗora can sama, a kuma ɗauki hoton kowacce da waya. Tsofaffin takardu masu ayoyi da yagaggun shafukan Alƙur'ani ba a haɗa su da shara, wannan kowa ya sani. Amma tara su a buhu har gara ta cinye ma ba girmamawa ba ne. A kai wa limamin unguwa, malamai sun san yadda ake ƙona su ko binne su a wuri mai tsarki.

[Hoto: yaro na tura fiffiken fankar sama da sandar tsintsiya]

Kun ga wannan? Fanka tana gurnani, ba ta tashi sai an tura ta da sanda, in ta tashi kuma tana tafiyar hawainiya ko da an kai ta lamba ta ƙarshe. Mutane da yawa a nan suke yanke mata hukunci, su ce ta mutu. Sau da yawa kuwa wani ɗan abu ne da bai fi akwatin ashana ba ya gaji, masu gyara na ce masa kafasita. Shi ke ba injin ƙarfin tashin farko. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar fanka ba, kuma mai gyaran lantarki zai canza shi kafin shayinka ya huce. Illar barin ta haka ita ce, fankar da ke gurnani ba ta juyawa zafi take tarawa, har wayar cikinta ta ƙone. A lokacin ne gyaran ke zama na sake naɗin koyil, kuɗi ya ninka.

Firji ma yana da irin nasa ƙananan abubuwan. Ɗauki takardar naira ɗari, sa ta a bakin ƙofar ka rufe, sannan ka ja. In ta zare salin-alin ba wata turjiya, robar ƙofar ta saki, sanyi na zurarewa, injin na ta aiki ba hutu. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta awanni masu yawa a rana, sama da naira 200 kowane yunit, wannan 'yar robar tana iya zama dalilin da mitarka ke shanye kati kamar da gayya. A bar tazarar tafin hannu tsakanin bayan firji da bango, a share ƙurar da ke taruwa a wurin. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a kashe soket a jira minti biyar kafin a kunna. Sai babban laifin da ake yi wa firji a gidajenmu, wato sassaƙar ƙanƙara da wuƙa. Hajiya, don Allah a daina. Bututun gas ɗin yana kwance a bayan ƙanƙarar nan, tsini ɗaya ya isa ya huda shi. A kashe firjin, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, ƙanƙarar za ta saki da kanta.

Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa sun koma zaman jiran ko-ta-kwana, sai a yi wata biyu ba a ja igiyarsu ba. Fetur in ya daɗe a kabureta yakan bushe ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan ƙofofin da mai ke bi. Shi ya sa ranar da ka fi buƙatarsa, ranar zai ƙi tashi, ka yi ta ja har kafaɗa ta yi tsami. In za ka ajiye shi, rufe famfon mai tun yana aiki, ka bar shi ya shanye na cikin kabureta ya mutu da kansa. Ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, a kiyaye ma'aunin da aka rubuta a jikinsa. Babba kuma a riƙa yi masa juye. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: ba a kunna janareta a ɗaki, ko a lungun nan na tsakiyar gidan haya da ɗakuna ke kallon juna, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ana tsoron ɓarawo. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum ya zarce.

Tukunyar gas, a shafa ruwan kumfa a kan tiyo da bakin regileta. In kumfar ta riƙa tasowa, akwai yoyo. Tukunyar da gindinta ya ci tsatsa ba a yi mata fenti a ci gaba, canza ta ake yi.

[Hoto: titi a Ikeja, masu gyaran waya a kan teburansu]

To wanne za a gyara, wanne za a sallama? Ni ma'aunina shi ne, in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin irinsa na hannu mai lafiya, ko kuma wannan ne karo na uku da abu ɗaya ke lalacewa, a haƙura. Wanda kuma aka ce za a gyara, a sa masa rana. "Sai na samu sarari" ba rana ba ce, kuma a garin da mutum ke kashe awanni a go-sulo, sararin nan ba zuwa zai yi ba. Legas ba ta rasa masu gyara ba. Waya da kwamfuta akwai Computer Village a Ikeja, talabijin da kayan sauti akwai kasuwar Alaba a Ojo, ga tela mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi, ga shumeka yana buga akwatinsa a ƙofar gida, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne. A yi ciniki kafin a kwance ko noti ɗaya. A ce a dawo maka da tsohon abin da aka cire. In waya ce, cire layinka da katin ajiya, kuma ka kai wa mai shago tsayayye wanda gobe za ka iya komawa ka same shi, ba wanda ya tare ka a bakin hanya ba.

Abin da ba za a gyara ba, yana da masu nemansa. Kwanuka da kuloli da atamfar da ba a ɗinka ba, dillaliya ta san wa za ta kai wa, kuma ta fi ki sanin farashi a unguwa. Kujera ko talabijin mai aiki, hoto biyu a shafin saye da sayarwa na Jiji ko a status ɗin WhatsApp sun isa, sai dai a haɗu da mai saye a bainar jama'a, kuɗi ya shiga asusu kafin kaya ya fita. Tufafin da yara suka fi ƙarfinsu, a wanke a ba da tun suna da kyan gani. Wanda ya zama tsumma a yi goge-goge da shi, kada a kira shi sadaka.

Ƙarafa kuma na 'yan gwangwan ne. Kafin ka kira baban bola, ware kayan. Mayen ƙarfe yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam, ba ya kama jan ƙarfe, kuma jan ƙarfen nan da ke cikin koyil ɗin matacciyar fanka ko injin firji shi ya fi kowanne tsada a sikeli. In ka haɗa komai a buhu ɗaya, da kuɗin baƙin ƙarfe za a saye. Su ma ba sadaka suke yi ba, kayan za su tura gaba, irin su kasuwar Owode Onirin da ke kan hanyar Ikorodu, daga nan a kai masana'antar narka ƙarfe. Kada dai a ƙona waya a tsakar gida don a fitar da jan ƙarfen, hayaƙin robar nan cuta ne ga ƙirjin kowa a gidan.

Batir yana buƙatar kulawa ta daban. Batirin waya da ya kumbura kada a matsa shi, kada a huda, wuta yake kamawa. Batirin mota da na inbata kuwa dalma ce a cikinsa da ruwan asid. Mutanen Zamfara ba su manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalmar cikin batir ita ce dai wannan. Kada a fasa shi a gida, kada yara su yi wasa kusa da shi. Masu sayar da sabo sukan karɓi tsohon su rage maka kuɗi. Sauran tarkacen da ba mai so, a jira motar shara ta masu kwangila da LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas. Abin da aka tura kwata cikin dare, ruwan Yuli zai dawo da shi har bakin gado.

[Hoto: ana kwance igiyar jakar Gana-mas-go]

Saura jakar tafiya gida. A kwance ta kafin ruwan Afrilu ya sauka, a zazzage komai a tabarma. Abin da da gaske za a yi amfani da shi a gida, kada a jira Babbar Salla. Motocin da ke sauke albasa da tumatir a Mile 12, da masu kawo dabbobi Agege, Arewa suke komawa. A nemi direban da aka sani ta hannun shugabannin tasha, a rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin buhun da babban baƙi, a kira shi a gaban direban. Kafin nan kuma a tambayi kuɗin ɗauka, a gwada shi da kuɗin abin a kasuwar Sabon Gari ko ta Kurmi, domin tsohuwar katifa ko robar wanka, kuɗin motarta kaɗai zai iya sayen sabuwa a can.

A bidiyo na gaba za mu duba kuɗin cizo, da dalilin da ya sa fesa magani sau ɗaya ba ya gamawa da shi. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.