Don Allah ne ko don suna? Sharhi kan masu raba ilimi kyauta

Assalamu alaikum, masu sauraro. Sharhinmu na yau ya taso ne daga wata gardama da ta daɗe tana zagaya majalisun hira na garin nan na Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, wadda ta ƙara zafi tun da wayar hannu ta mai da kowa mai ba da shawara. Wasu na ganin duk wanda ya gano wata dabara ko ya mallaki wani sani, ya baza wa jama'a kyauta, ya yi sadaukarwar da ta cancanci yabo. Wasu kuma, musamman matasa, cewa suke yi ruwa ba ya tsami banza: ko dai suna yake nema, ko mabiya, ko kuwa fagen wata kasuwa yake sharewa wadda za ta ci nan gaba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mu fara da sauraron harshenmu. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya kuma ce alheri gadon barci ne, kuma kowanne daga cikin karin maganar nan biyu alkawarin sakayya ne ga mai bayarwa. Ita kanta kalmar lada aiki biyu take yi, domin da ita ake kiran abin da ake miƙa wa wanzami bayan aski, da ita kuma ake kiran abin da mumini ke fatan tararwa a lahira. Saboda haka idan aka ce wane ya yi abu don Allah, abin da ake nufi shi ne ya ɗauke idonsa daga hannun mutane ya mayar ga Ubangijinsa, amma tsammanin sakamako yana nan daram a zuciyarsa.

Duk wanda ya taɓa bi ta unguwannin malamai na cikin birni, irin su Kona da Juma, bayan sallar asuba, ya san yadda karatun zaure yake. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, akwai tela, akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin gwamnatin da ke satar kallon agogo saboda kada ya makara. Kowa da littafinsa, kowa na jiran layi ya zo kansa. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara gaɓa-gaɓa, ɗalibi na amsawa da na'am, har a kai inda malam zai ce a dakata nan sai gobe. Babu rasit, babu kuɗin zango, kuma a haka wasu ke shafe shekara ashirin suna ɗaukar karatu. To amma wanda ya ce malamin nan ba ya samun komai bai zauna cikin birni ba. Ana tuɓe takalmi tun daga nesa a durƙusa a gaishe shi, shi ake kira ɗaurin aure da raɗin suna, da kaka damin dawa na shigowa gidansa, da salla kuma ba ya rasa turmin yadi. Shin wannan ya rage darajar abin da ya bayar? Telan da ya koyi hukuncin gado a zauren nan ya tafi da iliminsa cikakke, ko malam ya ji daɗin gaisuwar ko bai ji ba.

Addini bai yi sakaci da wannan batu ba, ya ma fi masu gardamar tsanantawa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa cikin mutanen farko da za a yi wa hisabi ranar alƙiyama akwai wanda ya nemi ilimi ya koyar domin a ce masa malami, kuma za a ce da shi ai an riga an faɗa. A ɗaya gefen kuma akwai gargaɗin linzamin wuta ga wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye. Ke nan mai sani yana tsakanin ramuka biyu, ramin riya da ramin rowa, kuma tsoron faɗawa na farko ba ya zama uzurin faɗawa na biyu. Abin lura shi ne wannan awo na niyya a hannun Allah yake. Mu da ke zaune a majalisa ba a ba mu ma'aunin zukata ba, duk da cewa mun fi kowa son riƙe shi.

Abin da muke iya aunawa shi ne abin da ya iso hannun jama'a, kuma tarihin garin nan ya ishe mu misali. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tana da bukatarta, wato ta kashe jita-jita, ta kuma isar da labarin duniya ta bakinta a daidai lokacin da yaƙi ke ƙaratowa. Duk da haka, da jaridar nan dubban mutane suka saba da karatun boko da harshensu, a shafinta na wasiƙu talaka ya ga ashe shi ma zai iya rubuta kokensa a buga, kuma da yawa daga waɗanda suka tashi da karanta ta su ne suka zo suka nemi Bature ya tattara nasa ya nasa. Niyyar mai bayarwa gauraye take, amma amfanin ya kuɓuce masa ya zama na jama'a.

Akwai kuma akasin haka. A 1921 masu bincike a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka gano insulin, maganin da ya mai da ciwon sukari daga hukuncin kisa zuwa lalurar da ake rayuwa da ita. A 1923 suka sallama wa jami'ar haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaɗɗaya, domin kada wani ya kulle shi ya hana marasa lafiya. Kuɗi kam sun yafe, amma suna ya gagare su yafewa, domin da aka ba biyu daga cikin masu binciken, Frederick Banting da John Macleod, lambar yabo ta Nobel a shekarar, Banting ya fusata cewa an ture abokin aikinsa Charles Best, har ya raba nasa kason da shi. Bayan shekara ɗari da wannan kyauta, mai ciwon sukari a ƙasar nan ya san abin da kwalbar insulin ke yi wa aljihunsa kowane wata. Kyakkyawar niyyar waɗancan mutane ita kaɗai ba ta wadatar wajen kai maganin hannun talaka ba.

Don haka a ganin wannan sharhi, tambayar da ta fi amfani ita ce: in mai kyautar ya juya baya ya tafi, me ya rage a hannun wanda aka ba? Ya tsaya da ƙafarsa, ko an ɗaura masa igiya? Mu ɗauki waken nan SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2019. An sa masa ƙwayar halitta mai kare shi daga tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake, kuma masu binciken sun ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina. Kamfanin Monsanto na Amurka ne ya ba da ƙwayar halittar ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba. Babu mai hankalin da zai ɗauka kamfanin kasuwanci ya koma gidan sadaka, kuma masu cewa yana buɗe wa kansa ƙofa ne a Afirka ba su yi wauta ba. Sai dai manomin Giwa ko na Soba ba zai ƙaru da binciken zuciyar kamfani ba. Abin da ya shafe shi shi ne ko zai iya ajiye iri daga gonarsa ya shuka baɗi, nawa zai sayi sabo in ya bukata, wa ke sa ido kan lafiyar abin da ake ci, kuma ko irin gargajiya zai ci gaba da samuwa ga wanda ya fi son sa. A kan waɗannan ya dace a tsare masu bincike da hukuma da tambaya.

Da wannan ma'auni ne ake gane kyautar da ke da walakin. Mun san mai maganin da zai fito a waya ya lissafa saiwa uku, ya ce ta huɗun sai an tura kuɗi. Mun san maigidan sana'ar da zai riƙe yaro shekara bakwai yana wanke masa kayan aiki, ya ɓoye masa laƙanin da aikin ya dogara a kai, har ƙasa ta rufe idonsa a ce ya tafi da abinsa. Wanda ya faɗi farashinsa a fili ya koyar da gaskiya ya fi waɗannan biyun mutunci nesa ba kusa ba.

Saura mu masu karɓa, waɗanda ba kasafai ake sa mu cikin lissafin ba. Sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya cewa ilimi don Allah ake bayarwa shi ne wanda ba ya son biya. A yi don Allah, malam, in ji uban yaro mai hawa babbar mota, wanda kuɗin Larabar da yake aika wa malamin allo ba ya sayen mudun masara. A yi don Allah, in ji wanda zai kwafe binciken wani ya goge sunansa ya sa nasa, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muna neman mai sani ya zama waliyyi, mu kuma ko tukuicin ambaton sunansa ya yi mana nauyi, alhali magabatanmu sun ɗauki jingina magana ga mai ita a matsayin wani ɓangare na albarkar karatu. Har gobe malamin da ke zauren can, in ya iso wata gaɓa mai wuya, yakan ɗan dakata ya ce, haka na ji daga bakin malamina, ya ambaci sunansa, ya ce Allah ya jiƙansa, ɗalibai su amsa da amin, sannan ya ci gaba da fassara.