Gwangwani uku, mai kanti ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Manchester. Yanzun nan na shigo daga babban kantin Tesco, ko mayafi ban cire ba, don abin da na gani yau sai da ya tsayar da ni cak a tsakiyar kanti.

Tumatirin gwangwani na je saya, miyar dage-dage nake marmari. Ku matso ku gani. Wannan na hannun damana an rubuta masa Tesco Finest, ya sha kwalliya, kuɗinsa ya haura fam ɗaya. Na tsakiya Tesco kawai aka rubuta. Na ukun nan kuwa, Grower's Harvest, can ƙasa aka ajiye shi, sai da na durƙusa na zaro shi, bai ma kai rabin fam ba. Duk giram 400 ne. Da na juya bayansa, wallahi sai ga sunan Tesco da ƙananan baƙaƙe! Shekara biyu ina wuce shi, na ɗauka wani kamfani ne daban. Ashe duk wanda ka ɗauka, aljihu ɗaya kuɗin zai faɗa.

Kuma ba yau suka fara ba. Tun 1993 suka fito da Tesco Value, farar takarda mai ratsin shuɗi, don masu ƙaramin ƙarfi. A 1998 suka kawo Finest don masu hannu da shuni. Daga baya aka ajiye sunan Value, aka raɗa wa kayan sunaye irin su Stockwell da wannan na hannuna. Ni dai a ganina sun gane cewa ko talaka ba ya son kwandonsa ya tona masa asiri a layin biya. Mai arhar yana tare ka kada ka gudu kantunan arha irin su Aldi ko Lidl. Mai tsadar kuma, ko ba ka saye shi ba ya yi aikinsa, don da ka ga kuɗinsa sai na tsakiya ya yi maka kama da sauƙi.

Nan fa kawuna ya faɗo mini a rai, Allah ya ƙara masa lafiya. A Kantin Kwari yake da shago. Idan Hajiya ta shigo, Super yake fara saukowa da ita, ya warware ta a kan gwiwarsa, ya shafa, ya faɗi kuɗi. Hajiya ta ce, "Haba Alhaji, sai ka ce zan sayi fili?" Sai ya yi murmushi, ya miƙa hannu ya jawo wadda dama ita yake son sayarwa. Bai yi jami'a ba, amma abin da ake biyan dubban fam a koya a nan, shi a zaune a kan benci ya iya shi. Ko kamfanin Vlisco ɗin da ke Helmond a Holan, masu yin Super, su ne dai suka yi shekaru suna riƙe da GTP ta Gana da Uniwax ta Kwaddibuwa. Kowa da tasa atamfar daidai ƙarfinsa.

Kai, na yi kewar ciniki. A nan babu "albarka", babu "rage mini", babu mai aika yaro ya kawo miki ruwan sanyi. Na'ura ce za ta yi ƙara ki sa kati.

'Yar'uwa, idan kin zo ƙasar nan, don Allah ki riƙa durƙusawa. Kada ki tsaya a abin da ke saitin idonki. A jikin takardar farashi akwai ƙaramin rubutu da ke nuna kuɗin kilo ɗaya, shi za ki duba. Tumatirin da zai sha attaruhu da albasa da daddawa, ban ga dalilin saya masa kwalliya ba. Ganyen shayi ne kawai ban yarda da na ƙasa ba, na gwada sau ɗaya, ruwa-ruwa ya fito.

Bari in buɗe ukun nan a gabanku mu ga kaurinsu, man ya riga ya yi zafi.