Ƙaramin Akwatin da ke Gyara Sautin Falo: Yadda Ake Amfani da DAC Mai Sauƙin Kuɗi

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Abin da kuke gani a tafin hannuna bai fi kwalin ashana biyu girma ba, a gefe guda yana da ƙofa ɗaya mai kusurwa huɗu, a ɗaya gefen kuma yana da ƙofofi biyu, ja da fara, irin waɗanda muka saba gani a bayan rediyo da bidiyo na dā. Sunansa DAC, ana furta shi dak, kuma aikinsa guda ne tak: ya karɓi sautin da aka adana a matsayin lambobi, ya mayar da shi igiyar lantarki wadda amfilifaya da lasifika za su iya fitarwa kunne ya ji. Kafin in yi wani bayani, ina so ku saurari wannan ƙara. Gurnanin da kuke ji, tare da 'yar tsuwwar da ke bin sa a duk lokacin da na motsa linzamin kwamfuta, daga lasifikar falona yake fitowa alhali ban kunna komai ba. Yanzu kuma ku sake saurara bayan na sa wannan akwati a tsakani. Shirun da kuka ji shi ne dalilin wannan bidiyo.

Duk wani sauti da ke cikin wayar hannu, ko kwamfuta, ko talabijin na zamani, ko karatun Alƙur'ani ne, ko labarai, ko kiɗan kalangu, a matsayin jerin lambobi yake zaune. A lokacin ɗauka, na'ura tana auna ƙarfin igiyar sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana rubuta kowane awo da lamba. Ma'aunin da kamfanonin Sony da Philips suka tsayar wa faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a Japan a shekarar 1982, shi ne awo 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo ana rubuta shi da bit 16 (jerin lambobi 16, kowace ɗaya ce ko sifili), wato yana iya faɗawa kan ɗaya daga cikin matakai 65,536. Lasifika ba ta san lamba ba, abin da ta sani shi ne lantarkin da ke tura fatarta gaba da baya, don haka dole a sami mai fassara a tsakani. Wannan mai fassarar shi ne DAC.

Ba da ka aka zaɓi waɗannan alƙaluma ba. Lissafin da Harry Nyquist ya aza harsashinsa a 1928, Claude Shannon kuma ya tabbatar da shi a 1949, ya nuna cewa idan ana so a adana sauti cikakke, to yawan awon ya zarce ninki biyu na mafi sirantar muryar da ake son kamawa. Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya da lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, kuma wannan iyaka tana sauka yayin da shekaru ke ja, saboda haka awo 44,100 ya riga ya rufe duk abin da kunnenmu zai iya kamawa. Na tsaya a kan wannan ne domin a jikin kwalayen waɗannan na'urori za ku ga an rubuta manyan lambobi kamar 192,000 ko 384,000 da bit 32, kuma mai shago zai nuna muku su a matsayin hujjar ƙarin kuɗi. Waɗannan lambobi suna da amfani ga masu aikin haɗa sauti a situdiyo, amma ga mai sauraro a falo ba su ne za su sauya abin da yake ji ba.

To idan kowace waya da kwamfuta tana da DAC a cikinta, me ya kawo sayen wani na waje? Amsar tana cikin maƙwabtaka. A cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, ɗan guntun da ke wannan aiki yana zaune ne kusa da injin sarrafa bayanai, da fanka, da sashen cajin batir, da na'urar kama intanet, kuma dukansu daga tushen wuta ɗaya suke sha. Lambobi ba sa damuwa da wannan hayaniya, domin ɗaya ɗaya ce, sifili kuma sifili ne. Amma da zarar an mayar da su igiyar lantarki mai rauni, duk wani datti da ke yawo a cikin na'urar yana iya hawa kanta, amfilifaya kuma ba ta bambance datti da kiɗa, duka take ɗagawa. DAC na waje yana ɗauke wannan aiki mai laushi daga cikin cunkoson, ya yi shi a akwatinsa shi kaɗai.

Abin da ya faru a gidana ke nan. Ina da wata tsohuwar amfilifaya da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai nauyi, mai manyan maɓallan ƙarfe, wadda har yau ban ji abin da ya fi ta daɗin murya ba a cikin kayan da na taɓa mallaka. Idan na haɗa ta da kwamfuta tana kan batir, komai lafiya lau. Da zarar na soka caja, musamman da daddare idan muna kan janareta, sai gurnanin nan ya taso ya zauna a ƙarƙashin kowace murya. Na canza kebul har sau biyu, na kai amfilifayar wurin mai gyara ya buɗe ta ya ce lafiyarta ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce na'urori biyu da ke kan wutar gida ɗaya, sannan aka sake haɗa su da kebul na sauti, suna buɗe wa lantarki wata ɓarauniyar hanya da yake zagayawa ta cikinta. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma amon wannan juyi da na ninke-ninkensa ne kunne ke ji a matsayin gurnani. Caja mai arha da inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, suna ƙara masa tsuwwa a sama.

A nan ne kebul na haske yake da fifikon da babu kamarsa. Kamfanin Toshiba ne ya fito da shi a 1983 da sunan Toslink, kuma a cikinsa babu ƙarfe ko kaɗan, zare ne na roba mai ɗaukar jan haske yana ƙyaftawa da lambobin. Tunda babu ƙarfe, babu hanyar da dattin lantarki zai bi ya tsallaka daga wannan na'ura zuwa waccan. Dole in faɗa muku gaskiya game da kebul na USB: shi yana da ƙarfe, yana kuma ɗaukar wuta, don haka DAC mai shiga ta USB yakan kawar da tsuwwar cikin kwamfuta, amma wani lokaci gurnanin caja yakan biyo shi. Idan hakan ta faru, sai a gwada haɗa kwamfutar da amfilifayar a soket ɗaya, ko a canza cajar, ko a sa 'yar na'urar da ke raba wutar USB a tsakani.

Wurin da na fi ganin wannan akwati ya yi rana shi ne bayan talabijin. Yawancin talabijin masu faɗi na yanzu lasifikarsu ƙanana ce, tana kallon ƙasa ko bango, kuma da yawansu an cire musu ƙofofin ja da fara gaba ɗaya, ba a bar komai ba sai ƙofar haske. Mutum yana da amfilifaya ko hom tiyata mai kyau a gida, amma ya rasa inda zai soka ta. Ku duba yadda ake haɗawa. Da farko a cire ɗan murfin robar da ke kan bakin kebul ɗin haske, domin mutane da yawa sukan manta da shi su yi ta dannawa da ƙarfi har su fasa ƙofar. A soka baki ɗaya a talabijin, za ku ga jan haske ya bayyana a ɗaya bakin, sai a soka shi a DAC har a ji ya yi ƙas. Daga nan kebul mai ja da fari ya tashi daga DAC zuwa ƙofar amfilifaya da aka rubuta wa AUX, ko CD, ko LINE. Kada a kuskura a sa shi a ƙofar PHONO, wadda aka yi domin garmaho, saboda tana ninka sauti sosai kuma abin da zai fito a farfashe zai fito. Wutar akwatin kuwa volt 5 ce, ana iya ɗaukarta daga ƙofar USB ta talabijin ɗin, yadda zai riƙa kunnuwa da mutuwa tare da ita.

Saura mataki ɗaya, kuma shi ne ya fi sa mutane mayar da kaya shago suna cewa ba ya aiki. A shiga saitin sauti na talabijin, a nemo inda ake zaɓar irin sautin da ke fita ta ƙofar haske, a mayar da shi PCM, wato lambobin sauti yadda suke, ba a dunƙule ba. Idan aka bar shi a kan Dolby Digital ko a kan zaɓin da talabijin ke yi da kanta, wasu tashoshi da finafinai za su turo sauti a dunƙule wanda ƙaramin DAC bai iya warwarewa ba, sai a ji shiru ko kuma wata ƙara mai kaifi kamar ruwan sama a kan kwano. Sannan ku sani cewa a talabijin da yawa rimot ba ya rage ko ƙara sautin da ke fita ta haske, a jikin amfilifaya za a riƙa yi. Wanda kuma hom tiyatarsa ta riga ta zo da ƙofar haske ba ya bukatar sayen komai sai kebul, domin DAC yana cikinta.

Wayar hannu labarinta gajere ne. Tun da kamfanin Apple ya cire ƙofar iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, sai ɗan guntun kebul mai USB-C a gefe guda da ƙofar iyafis a ɗaya gefen ya zama ruwan dare. Na kirki a cikinsu cikakken DAC ne, kuma wanda Apple ke sayarwa dala 9 a Amurka ya isa ya ciyar da amfilifaya da sauti mai tsabta. Sai dai akwai masu kama da shi waɗanda babu komai a cikinsu sai zaren ƙarfe, su kuma ba sa aiki a wayoyi da yawa, don haka a gwada a shago kafin a biya. Bambancin da DAC na kan tebur yake da shi a nan shi ne ƙarfi: yana fitar da kusan volt 2 kamar na'urar CD, yayin da wayoyi da yawa ba sa wuce volt 1, shi ya sa da waya sai an murɗa amfilifaya sosai kafin a ji ta cika ɗaki.

Akwai wuraren da ba zan so ku kashe ko sisi a kan wannan na'ura ba. Idan ta Bluetooth kuke sauraro, lambobin suna tafiya ne ta iska a matse, kuma DAC ɗin da ke cikin lasifikar ne ke fassara su, don haka wanda kuka saya ba ya cikin tafiyar ko kaɗan. Haka nan idan asalin fayil ɗin ya lalace. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 da aka fi turawa a memori kuwa sau da yawa 128 ne, wani ma an ɗauko shi daga bidiyon da ya bi ta WhatsApp hannu bayan hannu, kowane hannu yana rage masa wani abu. Abin da aka zubar ba ya dawowa, DAC mai kyau ma ƙara fito da aibin zai yi. Idan kuma fatar lasifika ta yage, ko an cusa lasifikar a lungu bayan kujera, ko falon tayil ne da bango tsirara babu labule babu kafet har murya tana amsa kuwwa, to gyaran waɗannan zai sauya sauti fiye da kowace na'ura da za a saya. A ra'ayina lasifika da ɗaki su ne gaba, DAC yana biye.

Game da saye, ƙaramin mai juya haske zuwa ja da fari ya wadatar ga talabijin, muddin ba ya huci idan an ɗaga murya. Wanda yake son na kan tebur mai karɓar USB da haske duka, kamfanonin Sin irin su FiiO da Topping da SMSL suna yin masu kyau a kusan dala 100, da guntayen da kamfanonin ESS da AKM da Cirrus Logic ke ƙerawa, waɗanda su ne kuma ake samu a cikin na'urori masu tsada ninkin wannan. Daga wannan mataki zuwa sama, hayaniyar na'urar ta riga ta sauka ƙasa da abin da kunne zai ji a falon da fanka ke juyawa, kuma ni ban ga dalilin ƙara kuɗi ba.

Idan kun kawo shi gida, ku gwada shi da adalci. Kunne yana da wata ɗabi'a, duk sautin da ya ɗan fi ƙarfi sai ya ɗauke shi a matsayin wanda ya fi daɗi, kuma tunda DAC yakan fi waya ƙarfi, yana da sauƙi mutum ya yaudari kansa. Ku daidaita ƙarfin biyun yadda za su zo ɗaya, ku zaɓi muryar da kuka sani sarai, misali karatun da kuke ji kullum ko gurmi shi kaɗai ba tare da wasu kayan kiɗa ba, sannan ku sa wani a gida ya riƙa sauya kebul ɗin ba tare da kuna gani ba. Ku fi mai da hankali ga wuraren da mai karatu ya tsaya ya ja numfashi, domin a cikin wannan shirun ne gurnani da tsuwwa suke ɓuya.

Wajen amfani na yau da kullum, ku bar sautin kwamfuta ko waya a kusa da ƙarshensa, ku riƙa ragewa da ƙarawa a jikin amfilifaya, saboda idan aka rage daga tushe aka ɗaga a amfilifaya, hucin na'urar ake ɗagawa tare. Idan za ku kunna, ku fara da talabijin ko kwamfuta, sai DAC, amfilifaya ta zo ƙarshe da muryarta a ƙasa, idan kuma za ku kashe ku fara da amfilifayar. A lokacin da za a sauya daga wutar gari zuwa janareta, ku kashe amfilifayar tukuna, domin bugun da ke fita a wannan sauyi yana iya ƙona siririyar lasifikar da ke fitar da ƙananan muryoyi.