Murfin masai da ƙafa ke buɗewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga wani gidan haya nake magana da ku a nan Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Ɗaki shida, masai ɗaya.

Ku dubi murfin nan. Kowa ya shiga da hannu zai ɗaga shi, wani ma ƙyama ta hana shi taɓawa, ya fita ya bar ramin a buɗe. Ƙuda ya shiga ya fito, ya sauka kan tuwon yara. Ta nan amai da gudawa da taifod ke zagaya gida, musamman da damina.

Dabarar ita ce a cire hannu daga lissafi gaba ɗaya.

A sami katako mai ɗan nauyi wanda ya fi bakin ramin faɗi. A ɗaure shi ta bayan ramin da yankin tsohuwar tayar mashin. Kada a sa ƙarfe a nan, don danshin wurin yana cinye shi da tsatsa. Sai wani falankin daidai tafin ƙafa, a daidai inda ƙafar dama ke zama idan an tsuguna. Shi ma roba ce za ta riƙe shi ta wajen diddige, gabansa ya ɗan ɗago.

To, ku matso ku gani da kyau. Wannan wayar birkin keke ce. Ta tashi daga gaban falankin, ta hau ta ratsa zoben da na kafa a bangon baya, ta sauko ta kama murfin. Ku lura inda na ɗaura ta: kusa da robar, ba can bakin murfin ba. Shi ya sa da an ɗan taka kaɗan, murfin ya tashi sosai. Amma kar ya miƙe tsaye cak. A bar shi a ɗan karkace, yadda da ka ɗauke ƙafa nauyinsa zai mayar da shi. Yaro ko ya manta, masai ya rufu.

Don Allah iyaye mata, a gwada da ƙaramin yaron gidan kafin a buga ƙusar ƙarshe. Idan ƙafarsa ta kasa ɗagawa, a rage kaurin katakon.

A bakin ƙofa kuma a rataye jarka da sabulu, in babu sabulu a ajiye toka. Duk Juma'a a wanke murfin ciki da waje, ɗaki-ɗaki ana karɓa-karɓa.