Amsoshin Tambayoyinku: Tattara Tarihin Tsohuwar Malama Bayan Rasuwarta

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurarenmu na Maradi da kewaye, har Tibiri, Madarunfa da Gidan Rumji. Wasiƙu uku muka ware yau, duk a kan abu ɗaya: tsohuwa mai karantar da mata ta rasu, na baya ba su so sunanta ya bi ta. Tare da ni akwai malama mai koyar da matan aure, da malamin da ya ƙware wajen adana tsofaffin takardu. Ta farko daga unguwar Bagalam, jikar marigayiyar ce ta rubuto. Ta ce kakarta ta shekara fiye da hamsin tana biya wa mata karatu a tsakar gida, suna son rubuta tarihinta, amma ko shekarunta ba a daidaita ba: wasu sun ce 90, wasu sun ce ta haura 100. Malama, ta ina za su fara?

Malama: Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ƴata, kada ki dogara da takardar haihuwa. Mutanen wancan zamani yawanci daga baya aka yi musu ita a kotu, aka ƙiyasta shekara, aka rubuta 1 ga Janairu. Ki auna da abubuwan da gari bai manta ba. A 1945 Gulbi ya ci tsohon garin Maradi, mutane suka hauro tudu. An samu ƴancin kai a 1960, Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 ana cikin fari, sai yunwar El Buhari ta 1984. Ki tambayi sa'o'inta: lokacin ambaliya ta yi famfara ko ba ta yi ba? Ta isa goyon ƙane? Yarinyar da ke famfara tana wajen shekara shida ko bakwai, kenan an haife ta wajen 1938. Sai ki gwada da wata hanya: shekarun ɗanta na fari, a ƙara masa sha biyar zuwa sha takwas. In lissafin biyu sun zo kusa, ki rubuta "wajen shekara kaza", ba aibi ba ne. Kuma ki sani tsofaffi da azumi suke ƙirga, shekarar Hijira kuwa ta gaza ta Miladiyya da kwana 11. Mai shekara 90 a kalanda ta ga azumi wajen 93.

Amma shekaru ba su ne masu gudu ba, mutane ne. Ki fara da wanda ya fi tsufa: abokiyar zamanta in tana raye, ƙawayen da suka yi makarantar allo tare, da ɗalibanta na farko. Ki je wa kowace ita kaɗai, da hantsi, kada ki wuce minti arba'in. A zaman makoki ba a samun tarihi, kowa "mutuniyar kirki ce, mai haƙuri" zai ce miki, gaskiya ne kuma, sai dai ba ya cika shafi. Ki yi tambayar da amsarta suna ne, ko wuri, ko aiki. Wa ya ɗora mata karatu? A gidan wa ta yi sauka, kafin aure ko bayansa? Bayan Alƙur'ani ta tsaya a Ahalari da Ishmawi, ko ta kai Risala? Wace rana mata ke taruwa, bayan wace salla? Wa take aika wa wankan gawa, wa take kira in haihuwa ta zo da gardama? Auren wa ta sasanta? Wannan na ƙarshe ki ji da kunnenki, amma kada ki rubuta sunan masu shi.

Ki kula da kunya. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, kada ki matsa mata, ki samo su wurin maza. Ita ma marigayiyar, jikoki da yawa Inna ko Hajiya kawai suka san ta. Ki rubuta sunanta na yanka, da laƙabinta, da sunan mahaifinta da garinsu na asali.

Mai gabatarwa: Naɗar murya fa?

Malama: Jikar ta kashe kira a salula kafin ta fara, ta aza ta kan tabarma kusa da mai magana, nesa da turmi da awaki. Da farko ta faɗi rana da wuri da sunan mai ba da labari. In an zo kan waƙoƙin wa'azi da marigayiyar ke koya musu, ta bar su su rera har ƙarshe ko da sun yi tuntuɓe, wata ɗaliba za ta cike baitin da ya faɗi. Ran nan ta kwafe a katin memori biyu, ɗaya a wani gida. Abin da aka bari a WhatsApp kaɗai, ran da salula ta faɗa ruwa ya tafi. Rubuta hirar awa ɗaya na cin awa biyar ko shida, don haka kada ta tara goma kafin ta soma.

Mai gabatarwa: Wasiƙa ta biyu daga Tibiri. Ya ce sun buɗe adakar mahaifiyarsu sun tarar da gafaka biyu, da takardun ajami a warwatse, gara ta ci gefen wasu. Yana son ya kai a manne su da roba kamar katin ɗan ƙasa. Allah gafarta Malam?

Malam: Kada ya kai. Wannan roba da zafi ake manna ta, ba ta ɓantaruwa, takarda ta shiga kenan har ta ruɓe a ciki. Haka salatif: bayan ƴan shekaru yakan yi ja, ya ɗago da rubutun. Kuma kada ya zuba su a leda, don da damina tana riƙe laima, sai fumfuna.

Abu na farko, kada ya jera su yadda yake gani ya dace. Ya ɗauki hotonsu yadda ya same su tukuna. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke su, waraka-waraka ne, amma marubuta sun bar mana jagora: a ƙasan bayan kowace waraka, can gefen hagu, akwai kalma ɗaya ita kaɗai. Ita ce kalmar farko ta warakar da ke biye. Da ita ake mayar da littafi kan tsarinsa, da ita kuma ake gane inda aka yi ɓatan waraka. Ya duba shafin ƙarshe, inda aka rubuta "tammat", sau da yawa nan sunan wanda ya kwafa yake, wani lokaci har da wanda aka kwafa wa. Ƙananan takardun da ke soke a tsakiya kada ya zubar: ranar haihuwar ƴaƴa, laƙani, bashi, duk nan tsofaffi ke ajiye su.

Hannu a wanke, a bushe sarai, kuma ban da lasar yatsa wajen buɗe shafi. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, ɗigon ruwa ɗaya na narkar da layi. Ƙura da gashin kaza ko burushi mai laushi ake share ta. In takarda ta yi sanyi a shanya ta a inuwa, rana na sa ta ƙage ta karye. Hoto kuwa da safe a inuwa, ba filasha, a shimfiɗa baƙin zane, salula ta tsaya daidai bisa takardar, a ɗauki ciki da baya, da ƴar takarda mai lamba a gefe maimakon a yi rubutu a jikinta. Bayan haka kowane littafi a sa shi tsakanin kwali biyu, a naɗe da farin ƙyallen da aka wanke, a mayar cikin akwatin ƙarfe. A ɗora akwatin bisa bulo, a janye shi daga bango kamar taƙi ɗaya, don ta ƙasa da bango gara ke hawa. Busasshen ganyen dogon yaro a ƙulle cikin tsumma na korar ƙwari, amma kada a fesa maganin sauro a kan takarda. A buɗe a duba sau biyu cikin damina, sau ɗaya da hunturu. In akwai abin da ya gagare su karantawa, cibiyar bincike mai suna IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami. Allonta kuma kada a wanke, a bar rubutunta na ƙarshe a kai.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Sabon Gari. Magada sun rabu biyu: wasu na son a raba littattafan kowa ya samu albarka, wasu na son a bar wa ɗalibai.

Malama: Littafi dukiya ne, yana cikin gado. Kafin rabo sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba. Irin waɗannan mata kuma gidansu ma'ajiya ce: kuɗin adashi, ƴan kunnen wata, takardar filin wata. Wannan amana ce, ba gado ba, a yi cigiya tsakanin ɗalibai a mayar. In ta yi wasiyya da littattafan ga makaranta, magana ta ƙare. In ba ta yi ba, magada baligai na iya yarda su mayar da su wakafi, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Rabon maraya ƙarami ba a kyautar da shi, sai a ƙimanta a biya shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yayyaga littafi ɗaya a raba warakoki, kowa ya tashi da abin da ba ya karantuwa.

Masu son a bar wa ɗalibai kuma su sani littafi ba ya karantar da kansa. A zaɓi ɗalibar da marigayiyar ke bar wa aji in ta yi tafiya, ɗalibai sun san ta. A tsayar da rana da lokacin da aka saba, kada a canza. Magada goma, kowa ya ba da jikka ɗaya a wata, an samu na tabarmi da alli da ɗan alherin malama. A damƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya mai rubutawa a kaye, ya karanta wa dangi lissafi duk ƙaramar salla.