Pad Thai da jatan lande: taliyar Tailan a kaskonki

Assalamu alaikum uwargida, barkanmu da warhaka. Yau girkin mutanen Tailan za mu yi, wato pad thai, soyayyar taliyar shinkafa da ake sayarwa a bakin titunan Bankok, babban birnin ƙasar. Abincin bai wani tsufa ba. Ya yaɗu ne a zamanin Firaminista Phibun, wanda ya sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, gwamnatinsa kuma ta riƙa kwaɗaita wa jama'a cin taliya.

Kada sunan ya ba ki tsoro. Tsamiya, gyaɗa, tafarnuwa, barkono, lemun tsami, duk kina da su. Baƙin namu uku ne: taliyar shinkafa mai faɗi, jatan lande, da ruwan kifi mai gishiri da suke kira nam pla. Manyan kantuna na sayar da su.

Mu fara da taliyar, domin a nan ake yawan yin ɓarna. Ba a dafa ta kamar taliyar da muka saba. Giram 200 ya ishi mutum biyu. Ki jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi kamar minti 30, har ta yi laushin da za ta naɗe a yatsa amma da sauran ƙarfinta. In kika tafasa ta, tana shiga kasko za ta cabe, ki tashi da tuwo.

Kafin ta jiƙu, ki haɗa ruwan tsamiya mai kauri cokali 3, nam pla cokali 2, da mazarƙwaila cokali 2. Su can sukarin bishiyar kwakwa ko na giginya irin tasu suke sawa, amma ni mazarƙwaila ta fi min farin sukari. Ki ɗanɗana. Tsami ya fara zuwa, zaƙi ya biyo, gishiri ya rufa musu baya. Ba sai kin ƙara dunƙule ba.

Ki ɓare jatan landen, ki tsaga bayansa ki zare baƙin zaren nan. Ki jera komai kusa da murhu, don da zarar an kunna wuta babu sauran lokacin yanka albasa.

Wuta sosai. Mai cokali 2. Jatan lande ya shiga, minti ɗaya kowane gefe, da ya lanƙwashe ya yi ja-ja sai ki kwashe. In ya daɗe, roba za ki tauna. Tafarnuwa da albasa su ɗan soyu, ki zuba taliyar da haɗin tsamiyar, ki yi ta juyawa. In kin ga ta bushe kafin ta nuna, ki yayyafa ruwa kaɗan.

Ki ture ta gefe, ki fasa ƙwai 2 a filin da ya samu, ki dagargaza, ki gauraya. Ki mayar da jatan landen, ki watsa lawashi da tsiron wake. Babu tsiron? Kabeji yankakke siriri zai tsaya masa. Kuma kada ki cika kaskon. In baƙi ne da yawa, ki soya kashi-kashi.

Ki sauke, ki barbaɗa dakakkiyar gyaɗa da garin barkono, ki matsa lemun tsami, a ci da zafinsa.