Kiredi ba ya ruɓewa: lacca kan tsarin LMD da neman aiki

Wannan laccar wani malamin jami'a ne ya yi ta a Garwa, a taron da ƙungiyar matasan unguwarmu ta shirya wa yaran da suka ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da iyayensu. Daga rikodin na waya na kwafo, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, ƙannena, sannunku da haƙurin zafi. Ni dai ba zan daɗe ba, abu ɗaya na zo faɗa, kuma shi ne digirin yanzu ba irin namu ba ne, an yanka shi gunduwa-gunduwa, wanda ya gane yadda aka yanka shi zai ci moriya, wanda bai gane ba zai yi shekara uku ya fito da takarda yana tambayar ina aiki.

Lokacin da muka ci bak jami'a ɗaya ce tak a Kamaru, ta Yaunde. Ka hau mota zuwa Ngaundere, ka kwana cikin jirgin ƙasa, ka sauka garin da ba ka san kowa ba. Gwamnati na ba mu burs, wato kuɗin tallafin karatu, gaskiya ne, amma hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ka shiga loya ka fita loya, in ka faɗi shekara ka maimaita. A 1993 aka yi gyara, jami'o'in gwamnati suka zama shida, ciki har da Ngaundere da ke can Dang, burs ya tafi, kuɗin rajista sefa dubu 50 ya zo. Marwa ta samu tata a 2008, mu nan Garwa sai 2022. To yanzu kam karatu ya zo bakin ƙofa.

Tsarin da ake kai yau sunansa LMD, wato lisans, mastar, doktora, digiri na farko, na biyu da na uku kenan. Daga Turai ya taso, bayan yarjejeniyar Bolonya ta 1999, ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, suka ɗauka, mu da Cadi da sauran, mu a nan wajen 2007 aka fara aiki da shi. Lissafinsa ko ɗan tireda zai gane. Lisans shekara 3, semestir 6, kowane semestir kiredi 30, jimla 180, kiredi kuwa shi ne ma'aunin yawan karatun da ka yi. Mastar shekara 2, kiredi 120. Kowane darasi yana da nauyinsa na kiredi, in ka ci shi ya zama naka.

Nan nake so iyaye su buɗe kunne. Kiredin da yaro ya ci ba ya ruɓewa, kamar hatsi ne a rumbu. Na koyar da wani yaro, yana shekara ta biyu mahaifinsa ya rasu, shi ne babba, dole ya koma ya riƙe shago a kasuwa. 'Yan uwa duk suka ce shi kenan boko ya ƙare. Bayan ƙura ta lafa ya zo ya same ni, muka duba takardar makinsa, darasi huɗu ne kawai bai ci ba a wannan shekarar, ya sake rajista ya biya bashinsu ya wuce. Haka yarinyar da aka yi wa aure tana tsakiyar karatu, ko ta haihu, ba daga farko za ta soma ba. Don Allah iyaye mata ku faɗa wa surukanku wannan, da yawa ba su sani ba wallahi.

To ina maganar aiki ta shigo? Darussa iri-iri ne. Akwai na tushe, waɗanda ba makawa, akwai na kowa da kowa irin su kwamfuta da harshe na biyu, akwai kuma na zaɓi. Abin da ke ba ni haushi, kuma ina gani duk shekara, yaro zai zo zaɓi sai ya tambayi na gaba da shi wane malami ne ba ya kayar da mutane, ko wanne ne ba a yi da sassafe, shi ke nan ya zaɓa. Haba ƙanena! Wannan 'yar ƙofar ita kaɗai aka bar maka ka gina kanka da hannunka. Kana karanta jogarafi, ga darasin zana taswira da kwamfuta, ƙungiyoyin agaji da ke aiki yankin tafkin Cadi mai wannan suke nema. Kana karanta tattalin arziki, ga darasin lissafin kuɗin kamfani, ka tsallake saboda wai yana da wuya, alhali Sodecoton, kamfanin auduga, hedikwatarta a garin nan take, kuma ko manoman auduga da ke cikin ƙungiya suna bukatar mai riƙe musu littafi. Turancin Ingilishi kuma da kuke gudu kuna cewa na mutanen Bamenda ne, Yola na nan kusa da mu, kayan da ke shigowa kasuwarmu daga ina suke zuwa?

Sai gada, wato hanyar tsallakawa daga karatun sana'a zuwa digiri. Ba dole kowa ya bi fakulte, wato tsangayar jami'a, ba. Kana iya yin BTS ko DUT, wato difloman sana'a, shekara 2, ka fita ka kama aiki, ka dawo ka ƙara shekara ɗaya ka samu lisans ta sana'a. IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a, na nan a Ngaundere, ga ENSAI mai harkar sarrafa abinci, ga makarantar likitocin dabbobi, ga Politeknik a Marwa. A mastar ma hanya biyu ce, ta bincike ga mai son koyarwa da doktora, ta sana'a ga mai son kamfani.

Staj kuwa, wato koyon aiki a ma'aikata, kar ku ɗauke shi hutu. Wata biyun nan da za ka yi kana gaishe da mutane kana ɗaukar fayil, shi ne karo na farko da mai ɗaukar aiki zai ga fuskarka. Wasu har kwafar rahoton staj suke daga na bara, su canza suna, mu kuma muna ganewa, shiru kawai muke yi wani lokacin don tausayi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ke takarda ya fi wanda ke ƙasa kyau. An ce kiredi na bin ka duk jami'ar da ka koma, amma je ka gwada, za ka sha zirga-zirga tsakanin ofisoshi, wani ya ce darasin nan bai yi daidai da namu ba. Wani sashen kuma zaɓin suna ne kawai, malami ɗaya ne, kowa shi zai yi. Aji ya cika maƙil, wurin staj sai da sanayya. Shi ya sa nake cewa ku ajiye kowace takardar maki, ku yi mata kwafi, ku ɗauki hotonta a waya.

Nan wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, Malam, duk mun ji, amma mu jarrabawar konkur muka sani, yaro ya shiga aikin gwamnati a huta. Malam ya yi dariya ya ce, Baba ai ban hana konkur ba, ya rubuta, lisans ɗin ma ita za ta ba shi damar rubuta manya. Amma Baba ka tuna yaran unguwar nan nawa suka rubuta bara, nawa aka ɗauka? Dattijon ya fara ƙirgawa da yatsu, ya tsaya a na biyu, sai ga kiran sallar la'asar.